Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Hana CJ Iyo?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya ce ya sa wasan GTA San Andreas a sabuwar kwamfutarsa, amma da CJ, jarumin wasan, ya faɗa ruwa sai ya yi ta wutsil-wutsil, da ƙyar yake gaba.

To Malam, kwantar da hankalinka, kwamfutarka lafiyarta ƙalau, gudu ne ya yi mata yawa. Wasan ya fito a kwamfuta a 2005, kuma lissafin motsinsa a ɗaure yake da yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa, kusan 30. Injin yau kan zuba fiye da 100, sai iyo ya rikice, har tuƙin mota ya canza. Shiga Options, ɓangaren Display, ka kunna Frame Limiter. In kuma linzamin kwamfuta yana ƙin juya kyamara, ɗora gyaran SilentPatch, kyauta ne.