DARASIN YAU: Me ya sa Gumboro ke karya garkuwar 'yan tsaki?



A jinin kaza akwai fararen ƙwayoyin jini, su ne sojojin jiki. Wani rukuninsu, ƙwayoyin B, shi ke haɗa sinadarin kariya idan cuta ta shigo ko aka ba da rigakafi. Amma fa ba a nune suke farawa ba. Tun ɗan tsako yana cikin ƙwai suke taruwa a wata 'yar jaka da ke saman duburarsa, sunanta bursa. A nan suke girma su koyi aiki.

To Gumboro, wadda ta samo suna daga wani gari a jihar Delaware ta Amurka, kuma aka fara bayaninta a 1962, bairos ce da ke zuwa kai tsaye cikin jakar nan ta kashe ƙwayoyin da ba su nuna ba.

Idan ta kama su tsakanin sati 3 zuwa 6, za ka ga alama: farin zawo mai ruwa, gashi a tashe, sun takure wuri ɗaya, wasu suna tsattsagar duburarsu, sai mutuwa.

Idan kafin sati 3 ne, sau da yawa ba za ka ga komai ba, alhali garkuwar ta riga ta lalace. Ka ba da Lasota ta ƙi kamawa, ciwo kan ciwo, suna cin abinci ba nauyi. Nan kuɗin mutane ke tafiya.

Abin yi:

1. Tambayi inda ka sayi 'yan tsaki jadawalin rigakafinsu. Kariyar da suka gada daga uwa tana raguwa ne cikin makonnin farko. Da yawa kan ba da Gumboro a sati na 2, a maimaita a sati na 3.
2. Sayi rigakafi a cikin ƙanƙara, ka kai shi gida a haka.
3. Janye ruwa awa 1 zuwa 2, ka haɗa da ruwan da ba kulorin, su shanye cikin awa 2.
4. Bairos ɗin yana daɗewa a ɗaki. Kwashe dusar katako, wanke, fesa magani kafin sabon zubi.
5. Antibayotik ba ya kashe bairos. Ka ga alama, kira likitan dabbobi.

Ku tura wa mai shirin zuba 'yan tsaki. Allah Ya sa albarka a kiwo.