Darasin Wannan Mako: Yadda Maharba Ke Fama da Bugun Zuciyarsu

Darasinmu na yau ya haɗa wasanni da ilimin jikin ɗan Adam.

Harbi na cikin wasannin Olamfik tun shekarar 1896. A gasar bindigar iska, maharbi yana tsayawa mita 10 daga allon harbi, kuma ɗigon tsakiya mai maki 10 faɗinsa rabin milimita ne kacal, kamar aya a littafinka. Ɗan motsi kaɗan ya isa ya raba mutum da lambar zinare.

Daga ina motsin yake zuwa?

Zuciyar baligi tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa. Kowane bugu yana tura jini da ƙarfi cikin jijiyoyi, sai su kumbura su sake. Wannan ɗan zillo yana bin hannu, kafaɗa da ciki har ya kai ga bindiga, sai bakinta ya riƙa rawa. Ga gwaji: zauna ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ka saki jiki, ka zuba wa tafin ƙafar sama ido. Za ka ga yana ɗan zabura daidai da bugun zuciyarka.

Yaya maharba suke yi?

Ba mai iya tsayar da zuciyarsa, don haka dabarunsu uku ne.

Na farko, su tare wa bugun hanya. Suna sa riga mai kauri ta musamman. Masu harbin mita 50 a kwance ko a durƙushe suna ɗaura maɗauri daga damtse zuwa bindiga, amma sukan kauce wa inda babbar jijiyar damtse take bugawa, kuma ba sa tamke shi fiye da kima. Mai harbi rub da ciki yakan ɗan janyo gwiwa ɗaya sama don cikinsa ya ɗago daga ƙasa. Nauyin bindiga kuwa a kan ƙashi ake ɗora shi, domin tsoka tana gajiya ta yi karkarwa.

Na biyu, su rage saurin bugun. Gudu da iyo a kai a kai suna sa zuciya ta riƙa bugawa a hankali. Kafin gasa sukan guji kofi da cika ciki da abinci. Fargaba ma tana ƙara bugu, shi ya sa suke koyon natsuwa.

Na uku, su jira lokaci. Maharbi yakan shaƙi iska, ya fitar, ya dakata, sannan ya matsa kunama a hankali. Gwanaye sukan saki harbi a ɗan tsakanin bugu biyu. Idan dakatawar ta yi tsawo, ido ya fara dishi-dishi, sai ya sauke bindiga ya sake sabon lale.

Hanyar da aka haramta

Akwai magungunan hawan jini masu rage bugun zuciya, amma an hana maharba shan su. A gasar Olamfik ta 2008 a ƙasar Sin, an ƙwace lambobin azurfa da tagulla daga Kim Jong-su na Koriya ta Arewa, mai harbi da ƙaramar bindiga, saboda an sami irin wannan magani a jikinsa.

Tambayar mako: ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya a zaune, sannan ka sake ƙirgawa bayan gudu. Nawa ne bambancin? A kawo amsa ga ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a.