Darasin Kimiyya: A Canza Soson Hedifon Ko A Sayi Mai Tsada?

A wannan makon za mu yi nazari a kan hedifon, wato lasifikar kunne mai lanƙwasa kamar baka wadda ake ɗorawa a ka. Da yawa daga cikinmu muna amfani da shi wajen sauraren karatun Alƙur'ani, darasin Turanci, labaran rediyo, ko kallon fim a wayar yaya. Matsalar ita ce, ba a daɗewa sai soson da ke rufe kunne ya fara ɓarewa, baƙin ɓarɓashi ya riƙa manne wa mutum a kunne da kumatu. Daga nan sai a ce ya lalace, a jefar da shi, a fara damun Baba ya sayo mai tsada. To, shin ya lalace ɗin da gaske? Mu bi abin daki-daki.

Mene ne a cikin hedifon?

A cikin kowane ɓangare akwai 'yar ƙaramar lasifika mai abubuwa uku: maganaɗisu, naɗin siririyar wayar tagulla, da wata siririyar leda mai kama da fatar ganga. Idan lantarki ya fito daga waya ya ratsa naɗin tagullar, sai ya sa ledar ta riƙa motsi gaba da baya da sauri. Motsin nan ne yake tura iska, iskar ta bugi dodon kunne, sai mu ji sauti. Kunnen yaro mai lafiya yana jin motsi daga kusan sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Motsi kaɗan yana ba da amo mai kauri irin na babbar ganga, motsi mai yawa kuma yana ba da siririn sauti irin na usur. Soso ba ya cikin waɗannan abubuwa uku. Saboda haka soso zai iya yagewa kaca-kaca alhali lasifikar lafiyarta ƙalau.

Mene ne aikin soso?

Wasu sun ɗauka don laushi kawai aka sa shi. Aikinsa ya wuce haka. Soso yana yin wani ɗan ƙaramin ɗaki tsakanin lasifika da kunne, ya tsare iska a ciki. Duk wanda ya taɓa leƙa kai cikin randar da ba ruwa ya yi magana ya san yadda muryarsa take yin kauri. Haka rufaffen wuri yake canza sauti.

Ga gwajin da kowa zai iya yi ba tare da kashe ko sisi ba. Ka sa hedifon mai rufe kunne, ka kunna sauti a hankali. Ka ɗan danna shi da tafin hannu, za ka ji amo mai kauri ya ƙaru. Ka ɗan ɗaga shi daga kunne, za ka ji amon ya gudu, ya bar sauti kamar na gwangwani. Dalili shi ne iskar ta sami ƙofar fita. Shi ya sa tsohon soso da ya lotse yake ɓata sauti. Ƙafar tabarau ma tana buɗe irin wannan ƙofa, haka nan hijabi mai kauri ko gefen hula idan ya shiga ƙarƙashin soson.

Ire-iren soso

1. Mai fatar roba. Yana tsare iska sosai, yana ƙara amo mai kauri, yana kuma rage hayaniyar waje. Aibinsa zafi. A watan Maris da Afrilu kunne zai jiƙe da gumi, kuma gumi da zafi su ne suke sa fatar ta tsage ta ɓare.

2. Mai yadin karammiski. Iska tana ratsa shi, don haka kunne ba ya gumi sosai, kuma ba ya ɓarewa. Amma amo mai kauri yakan ragu, hayaniyar waje tana shigowa, kuma yana kama ƙurar hunturu.

3. Tsuran soso. Shi ne wanda ake sa wa ƙananan hedifon masu zama a kan kunne. Ya fi kowanne araha, amma yakan ruɓe ya dagargaje idan ya tsufa.

Kauri ma yana da tasiri. Soso mai kauri yana nesanta lasifika daga kunne, siriri kuma yana kusanto da ita. Kowanne yana canza yadda sautin zai iso.

Shin tsada ce take kawo daɗin sauti?

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma sau da yawa haka ne. Amma a nan sai an yi lura. A shekarar 2017 wani masani mai suna Jeroen Breebaart ya yi nazarin awon sautin hedifon guda 283, masu araha da masu tsada. Ya gano cewa farashi ba ya nuna ko hedifon yana fitar da sauti mai kauri da siriri daidai gwargwado.

Ga misalai biyu. Kamfanin Koss na Amurka ya fito da Porta Pro a 1984, kuma har yau ana sayar da shi a cikin masu sauƙin kuɗi. Idan sosonsa ya ruɓe, masu shi ba sa jefar da shi, sabon soso suke sakawa. Akwai ma wani kamfani a Japan mai suna Yaxi da yake yi masa soso mai kauri. Na biyu shi ne Sony MDR-7506 wanda ya fito a 1991, wanda ma'aikatan gidajen rediyo da masu ɗaukar fim suke amfani da shi. An san fatar sosonsa da ɓarewa, sai mutane da yawa suke cire shi su sa na karammiski na kamfanin Beyerdynamic na Jamus.

Mai tsadar ma bai tsira ba. A 2020 kamfanin Apple ya fito da AirPods Max a kan dala 549, kuma yana sayar da soson canji daban a kan dala 69. Ke nan kamfanin da kansa ya san soso abin canzawa ne, kamar tayar keke.

Abin da soso ba zai gyara ba

Kada mu zaƙe, mu ce soso maganin komai ne. Idan lasifika tana kakaɗi saboda ledarta ta yage, ko waya ta tsinke a ciki, ko batir ya mutu, sabon soso ba zai yi komai ba. Kuma akwai abin da masu tsada suke da shi da gaske. Wasunsu suna da ƙananan makirfo da suke sauraren hayaniyar waje, sai na'urar ta fitar da kishiyar sautin, su kashe juna. Kamfanin Bose ya fara sayar wa jama'a irin wannan da sunan QuietComfort a shekarar 2000. Yana amfani a jirgin sama ko kusa da janareta, kuma soso shi kaɗai ba zai kai shi ba. Sannan kamfani yana daidaita sautin hedifon ne da soson da ya zo da shi. Idan ka sa wani iri daban, zai iya gyaruwa, zai iya kuma ɓaci. A kula da jabu kuma, domin sunan babban kamfani a jikin kwali ba shaida ba ce.

Yadda ake canzawa

1. Ka tabbatar ɓangarorin biyu suna magana lafiya kafin ka kashe kuɗi.
2. Ka auna tsawo da faɗin ƙoƙon da rula, a milimita. Ka duba ko zagayayye ne ko mai siffar ƙwai.
3. Ka duba yadda tsohon ya kama: wani leɓensa ne yake shiga cikin tsagi, wani da 'yan haƙoran roba, wani da gam.
4. Ka cire shi a hankali. Kada ka taɓa ledar lasifika, kuma ka bar siririn yadin da yake tare mata ƙura.
5. Ka canza ɓangare ɗaya tukuna, ka saurara, ka gwada shi da ɗayan.
6. Idan kuɗin soson ya kusa kuɗin sabon hedifon irin naka, canjin bai da riba.

Bayan haka, a riƙa goge gumi da tsumma mai ɗan danshi, kada kuma a bar shi a rana.

Abin da ya fi hedifon tsada

Ana sayar da soso a kasuwa, amma ba a sayar da kunne. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi da suke karɓar sauti. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙarfi. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Ga yara, ma'aunin hukumar shi ne desibel 75 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 78 awa 20, 81 awa 10, 84 awa 5. Ta kuma ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin waya. A nan soso mai kyau yana taimakawa, domin idan ya tare hayaniyar waje ba sai ka ƙure murya ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyin mako

1. Me ya sa amo mai kauri yake raguwa idan mai tabarau ya sa hedifon?
2. Awa nawa a mako ya kamata yaro ya saurari sauti mai desibel 87?

A rubuta amsa a takarda a miƙa wa 'yan ƙungiyar jarida. Kafin nan, duk mai tsohon hedifon a ƙarƙashin gado ya ciro shi ya gwada, wataƙila soso kawai yake nema. Allah ya kare mana jinmu da ganinmu, ya buɗa wa iyayenmu. Sai mako mai zuwa.

Daga wakilin shafin kimiyya, aji 2 na ƙaramar sakandare.