Aji Cike, Tagogi a Rufe: Abin da Ya Kamata Makarantun Maiduguri Su Yi

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Maiduguri, kafin azahar malami zai ga yara suna ta hamma, wasu sun kifa kai a benci. Sai a ce lalaci ne, har a ɗauko bulala, alhali sau da yawa iskar ajin ce ta gurɓace.

Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi ɗalibai 35 ga malami ɗaya a firamare. Amma rikicin da ya ɓarke a 2009 ya koro jama'ar Bama, Gwoza, Dikwa da sauran garuruwa zuwa cikin birni, ajujuwa da dama suka cika maƙil. Kowane yaro yana fitar da iskar kabon a numfashinsa. A fili, ma'auninta bai wuce kusan 420 cikin miliyan ba, amma a rufaffen aji mai cunkoso nan da nan take haura 1,000, daga nan sai gyangyaɗi da ciwon kai da rashin natsuwa.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne cuta. Borno na cikin yankin da sanƙarau ke yawo a lokacin rani. Tarin fuka ta numfashi yake bi, ƙwayar ƙyanda kuwa takan kai awa biyu a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar lita 10 ta sabuwar iska ga kowane mutum a daƙiƙa ɗaya.

Babban kuskuren yana faruwa da hunturu. Da hazo ya taso daga Bodele ta ƙasar Chadi, sai a garƙame tagogi duka. Niyyar mai kyau ce, illar ta fi yawa. A tsuke tagogin ɓangaren da iska ke kaɗowa, a bar 'yar kafa, na ɗaya ɓangaren da ƙofa kuwa su zauna a buɗe. Fanka a rufaffen ɗaki juya tsohuwar iska kawai take yi.

Lokacin tara, kowa ya fita, a wangale komai. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge allo da jiƙaƙƙen tsumma, a kai janareta da ƙona bola nesa da aji. Idan zafi ya tsananta, inuwar dogon yaro ma aji ce. Yaron da tarinsa ya kai mako biyu, a kai shi asibiti.

Makarantun da ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumbar 2024 ta shiga su duba bango da silin, domin fumfuna tana tayar da asma.

Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Borno da ƙungiyoyin iyaye da malamai su ƙi karɓar duk sabon ajin da ba shi da tagogi masu fuskantar juna da kafofin iska a ƙarƙashin rufi.