Gyaran tsohuwar Peugeot 504 a gida

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: ko zai yiwu shi da 'ya'yansa su sayi tsohuwar Peugeot 504 da araha, su riƙa gyara ta da kansu?

To Malam, zai yiwu. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, daga baya kamfanin PAN, wanda ya soma aiki a Kaduna a 1975, ya riƙa harhaɗa ta. Shi ya sa kayan gyaranta ba sa wuyar samu. Galibin motocin 504 kafireto ne da su, babu kwamfuta. Kafin ka biya, ɗaga shimfiɗar ƙafa ka duba tsatsa. Shuɗin hayaƙi daga salansa kuwa, injin na shan baƙin mai ke nan. Yara su fara da wanke fulogi, birki kuma a bar wa makanike.