Yaya Ya Hana Kuɗin Maganin Haske, Gyambon Baba Ya Ƙi Warkewa

 Likita, da hawaye nake rubuto maka wannan takarda. Mahaifinmu yana da ciwon sukari, kuma tun bayan babbar salla wani gyambo ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa. Kullum ni ce mai wanke masa, ni ce mai sayen auduga da bandeji, ni ce mai jin warin. Wata ƙawata ta nuna mini bidiyon wani asibitin kuɗi inda ake haska wa irin wannan ciwo jan haske, kuma a ɗebi jinin mutum a tace a sa masa a kai, nama ya tsiro. Na je na tambayo kuɗin na kai wa Yaya, don shi ne babba, kuma shi ke karɓar kuɗin hayar gidan Baba. Ko kallon takardar bai yi ba ya ce 'yan damfara ne.

Likita, a cikin watan nan ya sauya wa matarsa kujeru. Ban ce kada ya yi wa iyalinsa hidima ba, amma kuɗin hayar nan na wane ne? Baba mutum ne mai dauriya, ko wash ba ya cewa, har cewa yake ba ya jin zafin wurin. Har yau salloli biyar ba sa wuce shi a masallaci, kuma kullum da ƙafarsa yake zuwa rumfarsa a kasuwa. Irin wannan uba ne za a yi wa ƙyashin kuɗinsa? Na tura kawunmu, Yaya ya ce rawar kai gare ni. In aka yanke ƙafar nan ba zan yafe masa ba. Don Allah ka faɗi gaskiyar maganin nan, in kai masa ya karanta da idonsa.

'Yarka daga Funtuwa

AMSA

'Yata, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alherin wannan ɗawainiya. Amma sai na ja kunnenki. Kin ba ni labarin kujeru, ba ki gaya mini nawa sukarinsa ke nunawa ba, ko a ina gyambon yake, ko zurfinsa, ko ƙafar da ɗumi take ko sanyi ƙalau. Abin da ya tayar mini da hankali kuwa shi ne wanda kika kawo don yabo: ba ya jin zafi, kuma kullum yana taka ƙafar.

Rashin jin zafin nan alamar ciwo ce. Sukari in ya daɗe yana hawa yakan kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa. Mai lafiya in ƙaya ta soke shi zai ɗingisa, ɗingishin nan shi ke ba ciwo hutu. Baba ba shi da wannan kariya. Duk takun da ya yi zuwa kasuwa yana murje ɗan naman da ya tsiro cikin dare. Wani likita ɗan Ingila, Paul Brand, da ya yi aiki da kutare a Vellore ta Indiya, ya nuna cewa yawancin gyambunan ƙafarsu daga taka ƙafar da ba ta ji suke, kuma suna rufewa in aka ɗaure ƙafar da filasta mai raba nauyin jiki. Daga baya a Amurka ya yi amfani da wannan dabara ga masu ciwon sukari. Har yau ita ce kan gaba wajen warkar da gyambon tafin ƙafa.

Yanzu ga maganin naki. Yaya bai yi daidai ba da ya ce duk damfara ce. Maganar haske ta faro ne a 1967, lokacin da Endre Mester na ƙasar Hungari ya lura ɓerayen da ya aske, ya haska musu leza mara ƙarfi, gashinsu ya fi saurin fitowa. Ana ganin jan haske yana zaburar da ƙwayoyin halitta su ƙara aiki. Sai dai gwaje-gwajen da aka yi a kan ƙafar masu sukari ƙanana ne, hujjarsu ba ta yi ƙwari ba, shi ya sa a ƙa'idojinta na 2023 ƙungiyar ƙwararrun duniya kan wannan ciwo, IWGDF, ta ba da shawarar kada a yi amfani da shi. Ki kuma kiyayi fitilun gashi da ake tallatawa a kasuwa. Ƙafar da ba ta ji za ta ƙone mai ita yana hira. Haka ruwan zafi da kaskon wuta lokacin hunturu.

Na jinin ya fi ƙarfin hujja. Ana juya jinin mara lafiya a na'ura, a ware ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda ke ɗauke da sinadaran tsirar nama. An gwada wani nau'insa mai suna LeucoPatch a Birtaniya da Denmark da Suwidin, sakamakon ya fito a 2018: cikin mako 20, kashi 34 cikin 100 sun warke, waɗanda ba a sa wa ba kuwa kashi 22. Ci gaba ne, amma kin ga ko rabi bai kai ba, kuma duk waɗanda aka gwada ana yi musu cikakkiyar kulawa ta asali. Akwai kuma shimfiɗar da ake yi da fatar mabiyiya. Duka ƙari ne da ake kawowa in an yi kamar mako huɗu ana yin abin da ya dace amma ciwon bai ragu da rabi ba. A sa su a ƙafar da ake takawa kullum, daidai yake da zuba iri a kan burtali.

Don haka tambayar da ta kamace ki ita ce: jini na isa ƙafar nan, kuma ciwon ya kai ƙashi? Ku kai Baba asibitin koyarwa ko babban asibiti cikin makon nan. A taɓa bugun jijiya a bayan ƙafa da gefen idon sawu, a yi hoton jijiyoyin jini na Doppler, a yi hoton ƙashi, a auna HbA1c mai nuna yadda sukari ya kasance cikin wata uku. Likita ya kankare mataccen nama da kanta. Warin da kika ambata ma yana iya nuna akwai ƙwayoyin cuta, in akwai kuwa sai an magance su kafin a yi zancen filasta. In aka ce allurar insulin, a karɓa.

Aikin da ya fi wuya naki ne: zaunar da Baba. Rumfa a samo mai tsare ta. Masallaci kuwa, ki roƙi limaminsu ya zo har gida ya gaya masa rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya, na salla a zaune da shafa a kan ɗauri, don daga bakinsa zai fi ji. Ko banɗaki zai je, da sandunan dogarawa ko keken marasa lafiya.

Ki je wurin Yaya da takardar waɗannan gwaje-gwaje, ki roƙe shi ya ɗauki Baba da kansa ya ji bayanin likita. Ki ajiye maganar kujeru da ta yafiya. In kuwa kika ga zazzaɓi, ko ja da kumburi na hawa ƙwauri, ko yatsa ya fara baƙi, kada ki jira izinin kowa, ko da tsakar dare ne ku tafi asibiti.