Tsakanin Gyaɗa da Bini-da-zugu a Arewacin Zamfara

Manufar wannan maƙala ita ce duba abin da noman tsirran da ake tatsar man mota daga gare su zai iya jawo wa ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. A 2007 ne Gwamnatin Tarayya ta amince da tsarin gauraya fetur da kashi 10 cikin ɗari na sinadarin itanol daga rake da rogo, da kuma samar da dizal daga tsirrai irin su bini-da-zugu.

Noma domin kasuwar nesa ba baƙo ba ne a wannan yanki. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929 gyaɗa da auduga suka mamaye gonaki, har farin 1973 da annobar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka durƙusar da harkar. Sai dai gyaɗa tana da kyakkyawan hali guda: ko da ɗan baranda ya ƙwari manomi a ma'auni, harawa takan rage wa tumaki, tunkuza kuma ta rage wa mata masu ƙuli-ƙuli.

Bini-da-zugu kuwa ba haka yake ba. Ganyensa da tunkuzarsa duk guba ne, dabba ba ta kusantarsu, shi ya sa ma magabata suka mayar da shi shinge. Idan gona ta koma shi zalla, to ba kara ba harawa. Makiyayi ba shi da dalilin sauka cikinta bayan kaka, manomi kuma ya rasa taki, tsohuwar cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ta yanke ke nan. Daga nan shanu sai su matsa wa burtali da daji irin na Dumburum, wuraren da tuni rikici ya yi wa katutu. Wannan asarar ba ta fitowa a lissafin kamfani, sai dai a gan ta a karar dabbobi ta kasuwar Shinkafi.

An riga an ga misali a Tanzaniya, inda kamfanin Sun Biofuels ya karɓi kimanin hekta 8,000 a gundumar Kisarawe, ya durƙushe a 2011, ya bar mutanen ƙauyuka ba fili ba aiki. A ƙauyukan Mali kuwa, inda aka bar shi a matsayinsa na shinge, gero na nan cikin gona, mata kuma suna sabulu da ƙwayarsa.